Aikin FR-S: a yanke jikinta ko a bar ta da faɗin da ta zo da shi

20 ga Afrilu, 2024

Motar ta iso Kaduna a kan tirela, yanzu tana garejin Baba mai gyaran jiki. Scion FR-S ce ta 2013 mai giyar hannu, wadda a Japan ake kira Toyota 86, Subaru kuma ke sayar da tagwainiyarta da sunan BRZ. Duk a masana'antar Subaru da ke Gunma ake haɗa su. Daga gwanjon motocin da suka yi haɗari a Amurka ta fito. Inji lafiya lau, gaba bai taɓu ba, amma an daki kwiɓinta na baya a hannun dama, ƙarfen da ke saman taya ya lotsa ya shige ciki.

Abin da ta zo da shi daga kamfani: inji lita 2 mai silinda huɗu a kwance, ƙarfin doki 200, nauyi wajen kilo 1,250, ƙafafun baya ke tura ta. Faɗin jiki milimita 1,775. Taya 215/45 R17 a kan rim mai faɗin inci 7.

Tun ba a gama kwance igiyoyin tirela ba ƙanena ya ce, "Yaya, ai Allah ne ya kawo mana wannan lotsawar. Tunda dole a taɓa wurin, a yanke kawai a sa mata faffaɗan jiki." Baba bai ce komai ba, yana ta shafa ƙarfen da hannu.

28 ga Afrilu

Maganar ta kai majalisarmu ta ranar Lahadi, kuma ta raba mu biyu.

Ɓangaren ƙanena suna da hotuna a waya da ba a iya musu da kyansu. Kayan Rocket Bunny na Kei Miura, mutumin Kyoto, waɗanda suka yi suna a kan wannan motar tun bikin baje kolin motoci na SEMA na 2012 a Las Vegas: ana yanke bakin fenda, a ɗora wani faffaɗa na faiba a kai, a kafe shi da ƙusoshin da ake bari a fili da gangan. Sai kuma Porsche ɗin da Akira Nakai, mai kamfanin RWB na Japan, ke yankewa da hannunsa a ƙasa bayan ƙasa. Hujjarsu a taƙaice ita ce motar tsere ba ta cika sai ta zauna da faɗi, kuma faɗin taya shi ne riƙon hanya. Wani ya ce a duba Porsche 911 kawai, ko a duba Lamborghini Countach da ta ɗauki taya mai faɗin milimita 345 a baya tun 1978.

Na ce madalla da aka kawo 911, don ita ce ta fi kowace mota nuna yadda abin yake tafiya. Ta farko, a 1964, faɗinta 1,610 ne, tayarta 165, ƙarfin dokinta 130. Da aka zo Carrera RS ta 1973 mai doki 210, aka ba ƙafafun baya taya 215, sai aka buɗa fendar baya don ta rufe tayar. Turbo ta 1975 ta zo da 260, aka ƙara buɗawa. Carrera S ta 2019 tana da doki 450, taya 305 a baya, faɗi 1,852. A kowane mataki ƙarfi ne ya fara ƙaruwa, taya ta biyo shi, jiki ya biyo taya. Ga kuma injin 911 a can bayan ƙafafun baya yake, kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyinta a kan su yake zaune. Tamu inji a gaba, nauyi kashi 53 a gaba, 47 a baya. Abin da 'yan ɓangaren ƙanena ke so shi ne mu faro daga ƙarshe: mu buɗa jiki, sannan mu nemo tayar da za ta cike ramin, sannan mu tambayi inji ko zai iya.

BMW M3 ƙirar E46, wadda duk majalisar ke girmamawa, da doki 343 taya 255 ta ɗauka a baya. Mu da 200 ana maganar 265.

Ba a tashi da matsaya ba. Ni ma ban yanke ba tukuna, don kyan da suke faɗa gaskiya ne, ina ganinsa.

5 ga Mayu

Baba ya cire tayar baya da robar da ke rufe cikin fenda, ya kira ni. "Zo ka sa hannunka nan, ɗana." Na sa, na ji ƙarfe biyu ne a haɗe, na waje da ake gani da na ciki wanda ya zagaye taya, an naɗe leɓensu wuri guda an liƙe. Ya ce idan giranda ta bi ta nan ta raba su, kuma fendar baya ba kamar ta gaba ba ce da ake kwancewa da noti, jikin motar ce kanta. Sai an tsattsaga na ciki an lanƙwaso shi sama, a bi da walda, a toshe da gam. In aka bar ko ƙaramar kafa, ruwan damina da ƙurar hunturu za su riƙa shiga but, tsatsa ta kama daga ciki inda ido ba ya kaiwa.

Ya ƙara da abin da ban yi tunaninsa ba. "Ƙarfe in Keke ya goge shi, ka kawo mini in buga maka shi ya koma. Faiba tsagewa take yi. A garin nan da kowa ke shiga ta gefen kowa, sau nawa za ka yi odar fenda daga waje?"

Baba ya tashi ne a kan Fijo 504 da 505 da aka riƙa haɗawa a nan Kaduna, kuma ba ya gajiya da tuna wa samari cewa 504 ta ci gasar Safari a Kenya a 1975 da tayar da yaran yanzu za su raina. Na tambaye shi ko lotsawar za ta fita ba tare da an cika ta da poti ba. Ya ce za ta fita, amma sai an yi haƙuri.

12 ga Mayu

Na zauna da takarda da biro, don gardamar tana ta yawo ne a kan lambobin da ba kowa ya san abin da suke nufi ba.

A 215/45 R17, 215 faɗin tayar ne da milimita. 45 tsayin gefen roba ne, kashi 45 cikin ɗari na faɗin, wato wajen milimita 97. 17 girman rim ne da inci, milimita 432. In ka haɗa rim da gefe biyu, tsayin ƙafar gaba ɗaya ya zama 625. Wannan lambar ce ya kamata a tsare, don a kanta aka lissafa giya, da agogon gudu, da na'urar hana birki kullewa.

Da 225/45 R17 gefe 101 ne, tsayi 634. Da 245/40 R17 gefe 98, tsayi 628. Da 265/35 R18 da ƙanena ke so, gefe ya ragu zuwa 93 amma tsayi ya haura 643, kusan kashi 3 cikin ɗari sama da na asali. Ma'anarsa kowace giya ta yi tsawo, motar da dama ba ta da ƙarfin juyi mai yawa za ta ƙara nauyin tashi, robar da ke tsakanin rim da bakin rami kuma ta ragu.

Sai babbar maganar, wadda na fi daɗewa a kanta. Mutane na ɗauka idan taya ta yi faɗi, robar da ke taɓa ƙasa ta ƙaru daidai da faɗin. Ba haka kai tsaye ba ne. Abin da ya fi yanke girman wurin da ke taɓa kwalta shi ne nauyin da ke kan tayar da iskar da ke cikinta. Kilo 1,250 a raba huɗu, kowace ƙafa na ɗauke da ɗari uku da 'yan kai. Da iska 35 da kamfani ya rubuta a jikin ƙofa, wurin da ke taɓa ƙasa bai wuce tafin hannun babban mutum ba. In ka sa mai faɗi da iska iri ɗaya, siffar wurin ce ta fi canzawa: ya yi faɗi ta gefe, ya gajarta ta gaba da baya.

Wannan canjin yana da amfani, kada a yi wa masu son faɗi rashin adalci. Roba ba ta lanƙwasa da yawa a kowane juyi, saboda haka ba ta saurin zafi, kamfani na iya yin ta da roba mai laushi, kuma a kwana a busasshiyar kwalta tana riƙewa fiye da siririya. Motar da ke da doki ɗari huɗu, ko wadda ke zagaye filin tsere awa guda, tana buƙatar haka. Amma ana biya: nauyi a ƙafa, wanda shoka ke fama da shi a kowane gargada, jan mai, sitiyari da ke bin duk wani kwari a hanya, da kuma ruwa, wanda faffaɗar taya ke da aikin ture shi da yawa kafin ta taɓa kwalta.

Kuma irin robar ta fi faɗin tasiri nesa ba kusa ba. Tetsuya Tada, injiniyan da ya jagoranci ƙera motar nan, da saninsa ya sa mata Michelin Primacy HP, irin tayar da ake samu a kan wasu Prius, don bayanta ya riƙa sakin ƙasa a hankali a gudun da direba zai iya koyo da shi ba tare da ya halaka kansa ba. Da Toyota ta fito da GR86 a 2021, inji ya koma lita 2.4, ƙarfi ya kai wajen doki 230, amma faɗin jiki yana nan a 1,775, taya tana nan a 215. Abin da suka canza a babbar ƙirar shi ne girman rim da robar, suka sa Michelin Pilot Sport 4.

25 ga Mayu

Wani abokinmu a Abuja yana da irin motar, an yi mata faffaɗan jiki, rim 18 mai faɗin inci tara da rabi, taya 265 duka huɗu, inji kuma yadda ya zo. Ya ba ni makulli, ƙanena na gefe.

A tsaye ta fi tamu kwarjini, babu gardama. Yara na tsayawa ɗaukar hoto. A kwana mai santsin kwalta kuma ta manne da ƙasa, na shiga da gudun da tamu za ta fara kuka, ita ko gezau. Ƙanena yana ta kallona yana murmushi.

Da muka fita babbar hanya sai sauran labarin ya fito. Inda manyan motoci suka ƙwaƙule kwalta ta yi kwari biyu, sitiyari na fizgar hannu hagu da dama, dole ka riƙe da hannu biyu kana gyarawa. Injin nan dama yana da wani rauni da aka san shi da shi a tsakiyar juyi, wajen juyi 4,000 a minti, inda ƙarfi ke faɗuwa kafin ya sake tashi. Da waɗannan ƙafafun raunin ya fito fili, ka taka a giya ta uku ka jira. Abin da ya fi damuna shi ne motar ta daina magana. Tamu, ko da tsofaffin tayoyin da ta zo da su, tana gaya maka ta kujera da sitiyari cewa baya ya kusa saki. Wannan shiru take yi, kuma injin ba shi da ƙarfin da zai kai ta iyakarta sai a gudun da bai kamata a yi a hanyar jama'a ba.

Mai motar mutum ne mai gaskiya. Ya ce tudun rage gudu a karkace yake hawa, ya riga ya canza boris na ƙafar gaba, kuma rim ɗaya ya taɓa lanƙwasa a rami. Ya ce duk da haka bai yi nadama ba, don kyan ya saya, kuma yana tara kuɗin turbo, na'urar ƙara wa inji ƙarfi. In ya sa turbo, tayoyinsa za su sami aikin yi.

Kafin mu taho mun ɗora ƙafarsa ɗaya a sikelin masu hatsi: kilo 24. Tamu ta asali 19.

9 ga Yuni

Na yanke: ba za a sa giranda a jikinta ba. Baba ya fara jan ƙarfen, yana ɗumama shi kaɗan kaɗan yana bi da guduma daga ciki.

Ƙanena bai ji daɗi ba. Ya ce, "Yaya, to me ya bambanta ta da ta kowa?" Na ba shi labarin Nissan Silvia, wadda shi da abokansa ke kallon bidiyonta kullum. S13 ta 1988 faɗinta 1,690. A 1993 Nissan ta buɗa S14 zuwa 1,730, ta fita daga ajin ƙananan motoci na Japan da iyakarsa 1,700, masu saye suka yi sanyi da ita, suna cewa ta yi jiki. A 1999 S15 ta dawo 1,695, kuma ita ce har yau ake rububi. Mazda MX-5 ta 1989 da taya 185 ta zo, ta 2015 kuma 195 ko 205, kuma babu ƙaramar motar wasanni mai buɗaɗɗen rufi da aka sayar kamarta a duniya. Ya saurara, amma ya ce waɗannan duk zancen tsofaffi ne. Mun bar shi a nan.

29 ga Yuni

Neman rim ya fi yadda na zata wuya. Motar tana da noti biyar a da'irar milimita 100. Yawancin faffaɗan rim da ke kasuwa na Camry da Accord ne masu 114.3, ko na Marsandi 112, ko na BMW 120. Wani mai shago a Panteka ya ce na Corolla zai shiga tunda shi ma biyar ne a 100. Ramukan noti sun dace, amma ramin tsakiya na Corolla 54.1 ne, cibiyar tamu irin ta Subaru ce, 56.1, rim ɗin ba zai zauna ba. An kawo shawarar faranti mai canza ramuka. Na ƙi, don yana tura ƙafa waje, yana ƙara wa boris aiki, ga ƙarin noti biyar da za a riƙa fargaba a kansu.

A ƙarshe wani ɗan'uwa ya samo mini saiti a Legas, 17 mai faɗin inci 8, lambar zamansa, wato yadda yake shiga ciki ko fitowa waje a kan cibiya, ET45, ta asali kuwa ET48. Lissafin: ƙarin inci ɗaya na rabuwa biyu, milimita 12.7 kowane gefe, bambancin zama kuma 3. Bakin waje ya fito da kusan 16, na ciki ya matsa wajen shoka da kusan 10. Muka ɗaura noti a zare muka sake shi daga bakin fenda, zaren ya sauka bai taɓa roba ba. Yaron Baba ya murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama, na sa yatsa tsakanin taya da shoka, akwai wuri.

14 ga Yuli

Taya. Na tsaya a kan 225/45 R17, duka huɗu iri ɗaya. Ban sa na baya su fi na gaba faɗi ba, don a motar da gabanta ya fi nauyi hakan na sa ta riƙa tura hanci waje a kwana, kuma ba a iya juya tayoyi gaba da baya su ci daidai. 245/40 ma za ta shiga, kuma tsayinta ya fi kusa da na asali, amma 225 ta fi sauƙi, gefenta ya fi kauri da 'yan milimita, ta kuma ɗaga motar kaɗan daga ƙasa. A hanyoyinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da yadda yake nunawa da kusan kashi ɗaya da rabi cikin ɗari.

A wani shago aka fito mini da 'yan Beljiyam 255, zanensu kamar sabo, a rabin kuɗin sabuwar 225. "Yallabai, wannan ai ta fi waccan, duba faɗi." Na juya gefen na nemi lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da DOT: 2315, wato an ƙera ta a mako na 23 a 2015. Na danna farce a robar, ta yi tauri, ga ƙananan tsagu a gindin zane. Tun da Michelin da Dunlop suka rufe masana'antunsu a ƙasar nan a 2007 da 2008, duk tayar da muke takawa daga waje take zuwa, kuma manyan lambobi irin waɗannan tsofaffinsu sun fi yawa a kasuwa, don sababbin sun fi ƙarfin aljihun yawancin samari. Abin da ke tayar mini da hankali ke nan game da yayin faɗi: yaro ya kashe kuɗinsa a rim da fenda, sai ya rufe da robar shekara tara, a zafin Afrilu, a hanyar Zariya. Na sayi sababbi huɗu, ƙirar bara.

11 ga Agusta

Baba ya gama. Poti bai fi kaurin kati ba a wurin, ya sa na ɗora maganaɗisu ya kama ko'ina. An yi fenti, an kai ta aka daidaita ƙafafu a kan na'ura, na dama na baya ya ɗan kauce saboda dukan, an canza ƙarfe ɗaya ya dawo.

Jiya aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, na fita da ita da gangan. Inda ruwa ya kwanta a gefen hanya ta ratsa ba tare da sitiyari ya yi sako-sako a hannu ba. A busasshiyar hanya da safe riƙon ya fi na da sosai, birki ma ya fi kamawa, amma har yanzu tana sanar da kai kafin baya ya motsa. Ta shiga ƙofar gida ba ta goga ba.

8 ga Satumba

Na ba ƙanena ita ya je Zariya ya dawo. Ya ce tuƙin ya yi masa daɗi fiye da ta Abuja, amma har yanzu in ya tsaya a bayanta yana ganin tayoyin sun yi masa ƙanana, kuma ranar da ya sayi tasa sai ya yanke. Na ce in ya tashi ya fara da inji da birki, ya kawo wa Baba yankan, kada ya kai wa mai gaggawa. A majalisa ma ba wanda ya sauya ɓangare, sai dai yanzu in an kawo lambar taya ana tambayar nauyin motar da ƙarfinta da shekarar robar.

Abin da ya rage: man birki mai jure zafi da sababbin takalman birki, man giya da na difiranshal, sai robobin ƙafar gaba da suka fara tsagewa. Shokar asali tana nan tukuna, ba zan sauke motar ƙasa ba sai na ga yadda ta yi da hanyoyi bayan damina.